Jif ɗaya ce, ita ce ta ofis ita ce ta gona: a ɗaga ta ko a ƙyale ta?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin masu sani. Prado gare ni ta 2008, mai silinda shida. Ita nake zuwa ofis da ita, ita ke kai yara makaranta, in tafiyar Kano ta kama ita ce dai. To kuma ina da gona a bayan Mashi, daga inda kwalta ta ƙare sai rairayi da hanyar amalanke. Daminar bara na sha wahala, ko da rani ma akwai wani gangare da in zan shiga sai gabana ya faɗi. Wani yaro ya kawo mini lissafi: a ɗaga ta inci uku, a sa manyan tayoyi masu kaushi irin na taɓo, a yi mata bamba ta ƙarfe a gaba, kariyar ɗora kaya a sama, da doguwar fitilar nan ta kan rufi. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Wa ya taɓa yi a cikinku, kuma ya zaman motar yake a cikin gari bayan an gama?

Autan Hajiya: Wa alaikumus salam. Yallaɓai ka yi kawai, kada ka tsaya sauraron masu tsoro. Hilux ɗina haka na yi mata. Yanzu ko ina na nufa sai dai in taka. Ga kwarjini, in na tsaya a shataletale kowa sai ya waigo.

Bakaniken Jif: Auta, kwarjini ba ya fitar da mota daga rairayi. Alhaji, tambaya ɗaya kafin a yi nisa. Da ka kafe bara, mi ya faru? Cikin motar ne ya zauna bisa tudun tsakiyar hanya tayoyi suna lilo, ko tayoyin ne suka yi ta juyawa suna tona rami har ta nutse? Ciwo biyu ne daban, maganinsu ba ɗaya ba ne.

Baban Ummi: Oga, na biyun ne. Ina taka mai tana ƙara nutsewa, sai da yashi ya kai rabin wili. Mutanen ƙauye suka zo da shanu suka ja ni.

Bakaniken Jif: To ko inci biyar aka ɗaga ta, haka za ta nutse. Iskar taya ce ta kafe ka, ba tsayin mota ba. Nawa ke cikin tayarka ran nan?

Baban Ummi: Abin da mai faci ya sa. Ina jin arba'in da biyar ne.

Baba Direba: Innalillahi. Arba'in da biyar cikin rairayin arewacin Katsina? Ɗana, bari in gaya maka yadda muke yi lokacin ina tuƙin ma'aikatan rigakafi ƙauyukan Kaita, Mashi, Mai'adua, Zango har Baure. Motocinmu yadda kamfani ya ƙera su suke, ba wanda ya ɗaga ko ɗaya. In muka zo ƙarshen kwalta sai in tsaya ƙarƙashin bishiya, in tsuguna in cire murfin bawul, in danna da ɗan tsinke iska na fita. Ina gwadawa da geji har ta sauko ashirin, in yashin ya yi laushi ƙwarai goma sha takwas. Za ka ga cikin tayar ya ɗan buɗe, amma abin da ya fi muhimmanci ba faɗin ba ne, tsawon inda take taka ƙasa ne yake ƙaruwa. Sai motar ta riƙa tafiya bisa yashin maimakon ta yanka shi. Sannan ka sa giyar da za ta kai ka har ƙarshen wurin tun kafin ka shiga, ka riƙe mai daidai, kada ka canza giya a tsakiya, kada ka murɗa sitiyari da ƙarfi, kada ka take birki. In ka ji ta fara nauyi, ɗaga ƙafarka. Mai taka mai a lokacin nan kabarin motarsa yake haƙawa. Ka dawo da baya a kan sawunka, ka sake shiga.

Kuma da safe rairayi ya fi ƙarfi, da azahar in rana ta gasa shi ya zama gari. Shi ya sa muke sammako.

Autan Hajiya: Baba duk mun ji, amma wa ke da lokacin tsugunawa yana sace iskar tayoyi huɗu kullum? Kuma in ka fito kwalta wa zai hura maka?

Injiniya: Famfon iska ƙarami mai aiki da batirin mota, wanda ake maƙala wa kan batirin kai tsaye. Kuɗinsa bai kai na taya ɗaya daga cikin naka ba. Amma maganarka akwai gaskiya ta wani gefen: duk wanda ya rage iska, dole ne ya mayar kafin ya hau kwalta. Tayar da ba ta da isasshiyar iska in aka yi gudu da ita gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa, ya yi zafi, a watan Afrilu nan da nan sai ka ji ta fashe. Kuma kada a sauka ƙasa da goma sha biyar in ba dole ba, taya na iya zamewa daga bakin wili a kwana. Na cikin gari kuma, a duba takardar da ke manne jikin ƙofar direba, ita ce gaskiya, ba ta mai faci ba.

Bari in yi muku lissafin taya, don na ga mutane suna ɗaukan ƙarin girma kamar wani babban abu. Prado irin ta Alhaji yawanci da 265/65R17 take zuwa. Tsayin wannan tayar daga ƙasa zuwa sama milimita 776 ne. In ka koma 265/70R17 ya zama 803. Ƙarin milimita 27 ke nan, amma rabinsa ne kawai ke ɗaga motar, wato kimanin 13. In ka yi zuciya ka sa 285/70R17, tsayinta 831, ka samu ƙarin kusan milimita 27 a ƙasa. Duk hayaniyar nan a kan inci ɗaya ce. Ga abin da za ka biya: maleji zai riƙa yi maka ƙarya da kusan kashi 7 cikin 100, yana nuna 100 kai kuwa kana kan 107. Tashi daga tsaye zai yi nauyi, birki zai ƙara nisa, kuma in ka murɗe sitiyari gaba ɗaya za ka ji tana gogar robar cikin marfin taya.

Bakaniken Jif: Allah ya biya Injiniya. Ni kuma in ƙara da abin da nake gani a gareji. Mutane sun ɗauka in an ɗaga mota komai nata ya ɗaga. A'a. Ku tsuguna ku leƙa bayan Prado, za ku ga aksul guda ɗaya dogo da ƙullutun nan a tsakiya. Shi wannan a kan taya yake zaune, ba a kan sifirin ba. Ka ɗaga bodi yadda kake so, ƙullutun yana nan inda yake, kuma shi ne ke fara haɗuwa da tudun tsakiyar hanyar amalanke. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi.

Gaba kuma kowace ƙafa da shaf ɗinta. Kamfani ya yi shaf ɗin ya kwanta kusan a miƙe. In ka ɗaga inci uku sai ya karkace, robar da ke riƙe giris ta riƙa cin kanta, ta tsage, giris ya fita, yashinmu ya shiga. Wata kaɗan ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas a kwana. Bolojoyin na sama shi ma yana aiki a ƙarshen iyakarsa. Alaimen kuma ba ya zama daidai sai ka canza hannun sama, shi ma kuɗi ne. In ba ka canza ba, sabuwar tayarka za ta cinye gefe ɗaya. Inci biyu ita ce iyakar da nake yarda da ita a irin wannan ƙafar, shi ma da sifirin da shokozoba na kirki, ba ɗan zoben da ake cusawa a sama ba.

Autan Hajiya: Oga ni zoben aka sa mini kuma lafiya lau.

Bakaniken Jif: Wa ya canza maka robar shaf kwanan baya?

Autan Hajiya: Wannan ai tsufa ne.

Bakaniken Jif: To.

Maman Hanifa: Ni ban san shaf ba, ban san sifirin ba, amma ina da abin cewa tunda ni ake ɗauka a irin motar. Maigidana ya ɗaga tasa. Ku maza da wando kuke, ku kama ƙarfe ku haye. Mace da zani da jariri a hannu fa? A ƙofar gidan biki sai kin tsaya kina duba ko akwai mai kallo kafin ki ɗaga ƙafa. Surukata tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, yanzu in za a kai ta asibiti sai an aro motar maƙwabci, ko a zo da kujerar tsuguno a ajiye mata ta taka. Ga ƙarar tayoyin nan, daga Katsina zuwa Kano wuuuu kamar jirgi, ba ku jin maganar juna, yara su sauka da ciwon kai. Alhaji, ka tambayi uwargida tukuna kafin ka tambayi 'yan gareji.

Baban Ummi: Hajiya kin taɓo inda yake. Mahaifiyata tana wurina, kuma ni ke kai ta ganin likita.

Mai Taya: Maganar ƙara gaskiya ce. Tayoyi iri uku ne, harafin na nan a jiki. HT ta kwalta ce. MT ta taɓo ce, ita ce mai manyan haƙora. AT tana tsakiya. Ita MT an yi ta ne don ta tona laka ta watsar, to a rairayi ma tonawar take yi. Ƙasarmu ta nan arewa yashi ya fi yawa. Da a ce gonar Alhaji wajen Funtua ko Bakori ko Danja take, inda ƙasa ke da danƙo da damina, da sai mu zauna mu yi magana. Amma Mashi? AT ta ishe shi. Kuma MT a jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta kama birki kamar sauran. Ruwan farko in ya sauka ya haɗu da ƙura da man da ke kan titi, ga keke napep ya tsaya maka ba sigina wajen Ƙofar Ƙaura, nan za ka san bambanci.

Abin da AT ta fi HT da shi a wurinmu gefenta ne da kaurin roba, saboda ƙayar aduwa da bagaruwa da kututturen da aka sare a gefen gona. Sai ku kula da shekarar taya. Akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Da yawa daga manyan tayoyin da ake kawowa na hannu sun tsufa, haƙoran na nan amma robar ta bushe. Kuma Prado ƙafa huɗun kullum suna ja, kada ka sa biyu sababbi manya biyu tsofaffi ƙanana, har safaya ta zama girmansu ɗaya.

Na Daura: Ina biye da ku. Ni abin da ba a taɓo ba shi ne kariya da jarkoki. A hotunan 'yan ƙasar waje za ka ga jif da jarkoki biyu a sama, abin sha'awa. Su can daji suke shiga inda ba gidan mai. Kai ka ɗora jarkar mai a saman mota ka bi hanyar Daura zuwa Kongolam, ko ta Jibiya, ka ga sau nawa za a tsayar da kai. Tun 2019 da kwastan suka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ido yana kan jarka a yankin nan. Za ka gaji da bayani.

Sannan maganar tsaro, kowa ya sani ba sai an faɗa da ƙarfi ba. Baƙar jif doguwa da bamban ƙarfe da fitila a sama da baƙin gilashi, in ta shiga ƙauye, wani ya ce jami'an tsaro ne, wani ya ce babban mutum ne. Duk biyun ba sunan da kake so a kira ka da shi ba ne a hanyar gona. Ni motar da ba mai waiwayenta ita nake so.

Malam Mai Gona: Wallahi wannan ita ce magana. Har 'yan ƙwadago in suka ga motar sai kuɗin noma ya tashi.

Autan Hajiya: Kun taru a kaina dai. To bamba fa? Hanyar Dutsinma da dare jaki ko saniya ta faɗo maka, bamban roba ai lagireto ne zai tafi. Wannan ma za ku ce ba shi da amfani?

Injiniya: A nan kana da hujja, ba zan ƙi ba. Mai yawan tafiyar dare a hanyar da dabbobi ke tsallakawa, ƙarfe a gaba na iya ceton lagireto ya kai shi gida. Amma a duba wane ƙarfe. Wanda mai walda ya haɗa da bututu ya ɗaure a jikin shasi, ba wanda ya gwada shi da jakar iskar nan da ke fashewa lokacin haɗari. Gaban mota an yi shi ne ya lotse ya shanye bugu, na'urar da ke sakin jakar kuma da wannan aka auna ta. In ka canza gaban, ba ka san lokacin da za ta buɗe ba. Ga nauyi a can gaban tayoyi, sifirin gaba ya zauna, inci ɗayan da ka saya ya koma. In an toshe hanyar iska kuma, ga zafin bazara ga go-sulo ga AC, allurar zafi ta fara hawa. Na ƙarshe, Alhaji makaranta yake zuwa kullum da safe. Yaro ko ɗan acaba da roba ta buga da wanda ƙarfe ya buga, ba ɗaya ba ne.

Baba Direba: Fitilar nan ta sama kuwa, Allah ya isa tsakanina da masu kunna ta a kan titi. Ka taho daga Charanchi da dare mutum ya watsa maka ita, sai ka tsaya cak don ba ka ganin komai. A daji a kunna, ba laifi. Kuma lokacin hunturu in hazo ya sauka, hasken dawo maka yake yi a ido, ba abin da za ka gani sai fari.

Baban Ummi: To mai fa? Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 silinda shidan nan ta zama mini kishiya a gida. Nawa zai ƙaru?

Injiniya: Ya danganta da ƙafarka da hanyarka, amma duk abin da ke cikin lissafin yaron nan ƙara sha yake, ba mai ragewa ko ɗaya. Taya mai nauyi na son ƙarfi kafin ta juya, kuma a cikin gari tashi da tsayawa ne aikin. Ɗagawa da kariya kuma iska suke tarewa, wannan a hanyar Kano za ka ji shi, kilomita kusan 170 zuwa, 170 dawowa. Kariya ko babu kaya a kanta tana ci. In za ka saya, sayi wadda ake kwancewa, ka ɗaura ta lokacin kaka. Kuma kada a jibga buhunan gero a sama. Doguwar mota da nauyi a ka, ka kauce wa rami da gudu, ita ce ke kifewa. Kaya masu nauyi ciki, a ƙasa, kusa da kujerar baya.

Dillalin Motoci: In sa baki ta fannina. Ranar da za ka sayar, mai saye in ya ga an ɗaga ga manyan tayoyi, abin da zai fara cewa shi ne an ci ƙaniyarta a daji, ko da ba ta taɓa wuce Ring Road ba. Kuɗin da ka zuba ba ya dawowa, wani lokaci ma ragi ake nema a kai. Duk abin da ka cire na asali ka adana shi a gida, kada ka bar wa yaran gareji.

Malam Mai Gona: Ni tambayata bututun nan da ake fitarwa ta gefen gilashi, wai na shiga ruwa. Rafin da ke hanyar gonata a watan Agusta yakan kawo.

Bakaniken Jif: Malam, rafin ƙasar nan in ya kawo jira ake yi. Ruwan gudu gare shi, kuma ƙasansa yashi ne da ke zamewa ƙarƙashin taya. Bututun inji kawai yake hana wa shan ruwa, ba ya hana ruwa ɗaukar mota, ba ya hana shi shiga aksul da giya da wayoyi. Awa biyu uku ya janye ka wuce. Abin da na yarda da shi a bututun, yana jan iska daga sama inda ƙura ta fi sauƙi in kana bin bayan wata mota a burji. Amma sai an huda bodi, kuma in mai aikin bai toshe mahaɗar da kyau ba, ka huda a banza. Ka riƙa duba filtar iska a kai a kai da hunturu ya fi maka.

Autan Hajiya: Shi ke nan a taƙaice kada a taɓa komai, a zauna kamar motar liman.

Bakaniken Jif: Ba haka na ce ba. Motar shekara goma sha ce, na tabbata sifirinta ya gaji ta zauna ƙasa da yadda ta fito. Sabon sifirin da shokozoba kaɗai za su maido mata tsayinta, wataƙila Alhaji ya ji kamar an ɗaga. Farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, wannan ina goyon baya ɗari bisa ɗari, don kututture ɗaya ya huda tukunyar baƙin mai inji ya tafi, kuma ba mai ganinsa a gari, ba ya ƙara, ba ya hana Hajiya hawa. Matakalar gefe kuma ita ke fara bugun ƙasa, amma tunda akwai tsohuwa a bar ta. Masu sa wa Prado wili inci 20 da leɓen bamba mai saukowa don ta yi kama da sabuwa, su ne ma suka fi ba ni mamaki in suka ce za su gona. Siririyar taya ba ta da gefen da za a rage wa iska.

Baba Direba: A but kuma: shebur, katako mai kauri na ɗora jak don a yashi jak nutsewa yake, igiyar ja mai ƙarfi, geji, da kayan toshe hudar tubles. In za a ja ka, a ɗaura a ƙugiyar da ke jikin shasi, ba a bamba ba, kuma kowa ya matsa nesa da igiyar. Ɗana, ka san ma yadda ake sa ƙaramar giya da kulle tsakiya, mai haɗa ƙafafun gaba da na baya su ja tare, a motarka?

Baban Ummi: Ina ganin ɗan sandan giyar nan na biyu, Baba, amma tun da na saye ta ba a taɓa bukatarsa ba a gari.

Baba Direba: To ka zo ka ɗauke ni ranar da za ka gona. Mu tsaya a gangaren nan naka mu shiga mu fita har hannunka ya saba. Kai ma Auta ka biyo mu da taka, a gwada a gani. Amma ka tuna Hilux ba kamar Prado ba ce, in ka fito kwalta ka cire ta daga ƙafa huɗu, in ba haka ba giyar tana ɗaurewa a kwana.

Autan Hajiya: Na yarda, zan zo. In na riga ku fita kowa ya saya mini kilishi.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Zan fara da AT 265/70R17 guda biyar, da farantin ƙasa, da famfo da geji. Maganar sifirin sai Oga ya duba. Bamba da fitila na ajiye su. Kariya ina nan ina tunani saboda kaka.

Mai Taya: Kafin ka biya kuɗin biyar, a gwada ɗaya a gaba a murɗe sitiyari hagu da dama har ƙarshe, a kuma gwada ta a mazaunin safaya.

Bakaniken Jif: Ka kawo ta ranar Asabar da safe kafin gareji ya cika. Kada ka kai ta wanki, musamman ƙasan, ina so in ga inda take gogawa.